Ɗaki Ɗaya, Hoto Biyu

Kun san ginin. In ma ba ku san wannan ba, kun san irinsa: ɗakuna huɗu a bayan layin masu walda, da allo a bakin ƙofa an rubuta cibiyar koyon zane da bugun riguna. Kun sha wucewa ta gefensa, warin nan mai hawa kai ya daki hancinku, kuka toshe, kuka ƙara sauri. Wasunku ma rigunan da aka buga a ciki ne a jikin 'ya'yanku ranar wasannin makaranta. Ba wanda ya tsaya ya tambayi inda warin yake fitowa, balle wanda yake shaƙarsa tun daga tushe. Tunda kun kau da kai a lokacin, yau sai ku saurara.

Motar hukuma ta faɗa rami a kwanar layin, fayil ɗin ya zame daga cinyar Auta ya watse a ƙasan kujera. Kafin ya sunkuya, baƙuwar da ke zaune a gefensa ta riga ta tsinto hotuna biyu.

"Ɗakin wanki. Ɗakin duhu," ta karanta abin da aka rubuta a bayansu, ta miƙa masa. "Ka iya tsara fayil. Wasu jami'an takardunsu kamar daga bola aka kwaso su."

"Na gode, Madam."

Ya karɓa ya raba su, ɗaya a farkon fayil, ɗaya can ƙarshe, don kada su sake haɗuwa.

Daga wata ƙasa baƙuwar ta zo. Ƙasashe huɗu ne suka ƙulla yarjejeniya cewa duk cibiyar koyar da zane da sana'ar hannu da aka tantance tare, takardar shaidarta za ta yi aiki a dukkansu. Ita ce idon sauran ƙasashen. Auta kuma shi ne jami'in hukumar gida, shi ne kuma tafinta, don ba ta jin Hausa. Sai su biyun sun sa hannu cibiya take wucewa. A wannan da za su je, ɗalibai ashirin da shida ne za su gama a wata mai zuwa, kuma sa hannun yau ne zai nuna ko takardar da za a ba su za ta tsallake iyaka ko za ta tsaya a ƙasan akwati.

Abu biyu ne baƙuwar ba ta sani ba. Na farko, mai cibiyar gwaggonsa ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana aji uku a firamare, kuma da bugun riguna ta kai shi har jami'a. Na biyu, hotunan nan biyu na ɗaki ɗaya ne.

Bara aka tura shi ya yi duban farko. Sai ya faɗo daidai da wani taron bita a otal, irin tarukan nan da ake cin nama a yi gyangyaɗi a raba jakunkuna. Ya ce a ransa, wurin da na girma a ciki, me zan je in gani? Ya kira Gwaggo daga barandar otal ɗin, ya riƙa karanto mata fom.

"Ɗakin wanki mai taga?"

"Akwai, ai ka sani."

"Ɗakin duhu?"

"Na me? Idan muka shafa wa ragar buga zane magani sai mu kife ta mu lulluɓe da bargo don kada haske ya taɓa ta. Shekara ashirin ba abin da ya lalace."

"Gwaggo, fom bai san bargo ba."

"To ɗaki huɗu gare ni, Auta. In haifo na biyar?"

Nan dabara ta zo masa, har yana dariya yana jin kansa gwani. Ya ce a ɗauki hoton ɗakin wankin yadda yake. Sannan a kira magini ya toshe tagar da bulo, a shafe bangon da baƙin fenti, a sake ɗaukar wani hoton. Aka leƙo aka ce an fara raba abinci, ya kashe waya. Bai tambayi inda za a koma yin wankin ba. Famfo ɗaya ne tak a ginin, a cikin ɗakin nan yake, kuma ba wanda ya fi shi sanin haka.

Gwaggo ta tarbe su a bakin ƙofa cikin sabon ɗinki, tabarau na rataye a wuyanta. Ta ɗan rusuna masa kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe." Ta rage murya, fuskarta na nan da fara'ar baƙi. "Ka rame. Matar taka ta daina hura wuta ne?"

"Gwaggo, don Allah."

"Me ta ce?" baƙuwar ta tambaya.

"Tana yi miki barka da zuwa."

Baƙuwar ba malalaciya ba ce. Ta fito da tef ta auna tsakanin teburan zane. Ta juya tukunyar kashe gobara ta karanta kwanan watan da ke gindinta. Ta zauna a kan bencin ɗalibai ta buɗe jakunkunan aikinsu ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wane ne ya zana wannan, sau nawa ya gyara kafin malama ta karɓa. Da aka zo kan ɗakin wanki, Gwaggo ta ja su bayan gini, inda aka kafa sabuwar rumfar kwano, aka jera bokitai uku da buroshi da sabulu.

"Ka gaya mata mun ga waje ya fi iska, shi ya sa muka dawo da wankin nan."

Ya gaya mata. Baƙuwar ta ji daɗi, ta ce wannan ya fi abin da ke cikin hoton ma. Auta kuwa ƙasa yake kallo. Simintin fari ne tas, ba ɗigon launi ko ɗaya. Wurin da ake wanke raga ba ya ɓuya, cikin mako guda sai ya koma kamar zanen atamfa. A gindin bokiti ɗaya ma takardar shago tana nan manne.

Ɗakin duhun suka duba a ƙarshe. Gwaggo ta buɗe ƙofar kaɗan, ta ce a yi haƙuri, akwai ragogi masu ɗanyen magani a kan kanta, haske yana lalata su. Jan ƙwan fitila ne kawai a ciki, sai ƙamshin sabulu mai ƙarfi, alamar an kwana biyu ana goge wurin. Baƙuwar ta leƙa daga bakin ƙofa, ta gyaɗa kai, ta yi alama a fom ɗinta.

"Saura in ga ɗaliba tana aiki," ta ce.

Gwaggo ta kira Shuɗi. Siririyar yarinya ce da ba za ta wuce shekara goma sha tara ba, an sa mata sunan ne saboda fenti ba ya barin ƙarƙashin farcenta. Ta shimfiɗa farar riga a kan tebur, ta ɗora firam ɗin raga, ta zuba fenti, ta ja da katakon roba sau ɗaya, ba gardama. Ta canza firam, ta ja launi na biyu, sannan na uku. Da ta ɗaga na ƙarshen, sai ga tsuntsaye jere a kan wayar lantarki, ɗaya ya juya wa sauran baya. Layukan sun hau kan juna daidai, ko gashin tsuntsu ɗaya bai kauce ba.

Baƙuwar ta cire tabaranta ta matso kusa. Ta daɗe tana kallo.

"Ita ta zana?"

"Ita ce."

"Ka tambaye ta ko za ta bar mini."

Shuɗi ta yi murmushi ta ce an bar mata. Sannan ta ɗauki firam ɗin, don fenti ba ya jira, in ya bushe a raga ta tashi aiki. Ƙafafunta suka nufi ɗakin duhu kai tsaye, kamar yadda suka saba.

"Ke, waje," Gwaggo ta faɗa a hankali.

Yarinyar ta tsaya cak, ta juya. Baƙuwar tana rubutu, ba ta gani ba. Da ta ɗago sai ta ce a dakatar da yarinyar tukuna.

"Na ji muryarta a dishe. Kuma ba ita kaɗai ba, na ji biyu suna tari a ɗakin zane. Ka tambaye ta ko aikin yana taɓa lafiyarta."

Auta ya juya tambayar. Shuɗi ba ta kalli baƙuwar ba, shi ta kalla.

"Yaya, ka ce mata mura ce. Don girman Allah. Akwai kamfanin buga kaya a tsallaken iyaka, sun ga aikina, sun ce in zo da takarda a wata mai zuwa. Shekara biyu na yi a nan. Ka ce mura ce."

"Ta ce mura ce ke yawo," Auta ya faɗa. Ya ji muryarsa ta fita sumul, irin ta wanda ya saba.

Baƙuwar ta zauna a teburin Gwaggo ta sa hannu a shafin ƙarshe, ta tura masa fom ɗin da biro. Daidai lokacin wayarta ta yi ƙara. Ta ce daga ofishinsu ne, ta fita wajen mota ta amsa.

Auta ya riƙe biron bai buɗe ba. Ya ce wa Gwaggo bari ya sha iska.

A lungun da ke kaiwa ɗakin duhu ya tarar da wata ɗaliba, gajera, ta jingina da ƙofar tana magana ita kaɗai.

"Sittin da bakwai, sittin da takwas."

"Ke me kike yi?"

Ta ɗaga masa hannu alamar ya dakata, ta ci gaba. Bai taɓa ganin wanda ya raina katin hukumar da ke rataye a wuyansa haka ba. Sai da ta kai ɗari ta buga ƙofar sau uku da tafin hannu. Shuɗi ta fito da sauri ta ja ƙofar, idanunta jawur suna zubar ruwa. Ta dafa bango ta yi tari har sai da ta durƙusa. Warin tina, ruwan nan mai kaifi da ake narka fenti da shi, ya biyo ta.

"Sabulu ba ya fitar da shi, Yaya," ta ce da ta samu numfashi. "Na gwada a rumfar. Da na ƙara minti biyar ragar ta mutu."

"Ƙirgan fa?"

Gajerar ce ta amsa. "Bibbiyu muke zuwa. Ɗaya ta shiga, ɗaya ta tsaya tana ƙirgawa. In an kai ɗari sai a buga, ta fito ta huta, a canza. In an buga ba a ji motsi ba sai a buɗe."

"Ku bar ƙofar a buɗe mana."

Suka kalli juna. Gajerar ta ƙyalƙyale da dariya. "Yallaɓai, ɗakin duhu ne fa. Ragogin mutane na kan kanta."

"An taɓa bugawa ba a ji motsi ba?"

"'Yar ajinmu Doguwa, sau biyu," in ji Shuɗi. "Shi ya sa babanta ya cire ta."

"Gwaggo ta ce mini sun tashi daga unguwar."

"Suna nan. Ɗaukar ruwa ne dai ba ta iyawa yanzu, sai ƙirjinta ya riƙe."

Ya cire katin wuyansa ya sa a aljihu. Ya ce wa gajerar ta ƙirga masa. Ya shiga ya ja ƙofa.

Cikin jan hasken ya ga famfon, da guntun robar taya da aka ɗaure masa a wuya tun yana yaro. Ya ga inda tagar take a da. Fenti bai ɓoye layin sabbin bulon ba. Tsumman tina yana cikin kwano, firam ɗin Shuɗi a jingine, rabi a wanke. Numfashi na farko ya ji kamar an watsa masa barkono a maƙogwaro. Ya ɗauki tsumman ya fara goge ragar yadda aka koya masa. Kansa ya fara sarawa. Daga waje yana jin muryar yarinyar kamar daga cikin rijiya. Ya ji ta ce arba'in da ɗaya, ya laluba ya buɗe ƙofar ya fito.

"Ko rabi ba ka kai ba," gajerar ta ce. Ba da mugunta ta faɗa ba.

Gwaggo tana tsaye a lungun, ta naɗe hannuwa a ƙirji. Ta kori yaran da ido.

"To, ka gani. Sai me?"

"Shekara guda, Gwaggo. Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Ranar da kake zuwa gaishe ni, a gida kake tsayawa, ka ci ka sha ka duba agogo. Kuma kada ka kalle ni haka. Ba aikensu nake yi in zauna a ofis ba, ni ma a ciki nake wankin, ni ba mai ƙirga mini ma. Kai ka ce a toshe."

"Ni na ce."

"To je ka sa hannu. Da takarda ta fito zan kira magini ya fasa bulon tagar."

"Duk shekara za a dawo a duba. In kin fasa bulon, su janye sa hannunsu. In ba ki fasa ba, wasu ashirin da shida su shigo."

"Yanzu ka san wannan? Shuɗi marainiya ce, ita ke riƙe da ƙannenta uku. Ka kashe mata hanya don kai ka samu barci?"

Gaskiya ta faɗa, ko kuma rabin gaskiya, kuma rabin nan ya ishe shi ciwo.

Baƙuwar ta dawo tana goge gumi, tana cewa su hanzarta, akwai wata cibiyar kafin la'asar. Auta ya buɗe fayil. Ya zaro hoto ɗaya daga farko, ɗaya daga ƙarshe, ya jera su a kan fom ɗin, gefe da gefe. Ya sa yatsa a kan famfon hoton farko, sannan a kan na biyun, inda robar tayar take a ɗaure iri ɗaya.

"Ɗaki ɗaya ne, Madam. Ban zo nan bara ba. Ta waya na ce a toshe tagar. Har yanzu a ciki suke wanki, rumfar can jiya aka gama ta. Yarinyar ba mura take yi ba, wata ma ta bar cibiyar saboda ciwon ƙirji. Mai cibiyar kuma gwaggona ce."

Baƙuwar ta tashi ta nufi lungun. Suka ji ƙarar ƙofa. Ba ta daɗe ba ta dawo da hankici a hanci, ta zauna, ta jawo babban littafin sharuɗɗa daga jakarta. Ta buɗe can wajen ƙarshe, ta juyo masa shi, ta sa farce a ƙarƙashin wani layi.

"Karanta."

Ya karanta. Ɗakin duhu, ko kabad ɗin da haske ba ya shiga.

"Ba ka ga wannan ba?"

"Fom ɗin kawai na karanta."

"Fom ɗin kalma biyu ce a wurin, na sani. Mu muka gajarta shi don ya shiga shafi ɗaya." Ta rufe littafin. "Ni ma a bakin ƙofa na tsaya."

Ta ɗauki biro ta ja layi a kan sa hannunta. Ta ce za a ɗage tantancewar wata shida, a buɗe tagar, a kai duk ɗaliban asibiti a duba ƙirjinsu, har da wadda ta bari. 'Yan ajin bana za su jira. Batunsa kuma dole ta rubuta wa hukumarsa, ba ta da yadda za ta yi. Sannan ta ce ya fassara wa mai cibiyar duka, kada ya rage komai.

Ya fassara. Gwaggo ta saurara ba ta motsa ba, sai da ya zo kan layin littafin.

"Kabad?" ta ce. "Irin na jera kwanuka?"

"Irin shi, Gwaggo. In dai haske ba ya shiga."

"Ga kafinta nan a bakin layi. Kwana biyu zai yi ya haɗa shi." Ta cire tabaran daga wuyanta ta ajiye a kan tebur. "Na kai ka jami'a don ka riƙa karanta mini abin da ban iya ba, Auta."

A rumfar baya ya sami Shuɗi. Labari ya riga shi isa. Ta fito da firam ɗin daga ɗakin, ta jingina shi a rana, tana kankare fentin da ya fara bushewa da farce.

"Zan rubuta wa kamfanin," ya ce. "Zan yi musu bayani, in ce laifina ne."

"Mutum goma ke neman wurin, Yaya. Ba za su jira wata shida ba."

"Ki yafe mini."

"Wanne? Na bara ko na yau?"

Ta ɗaga firam ɗin tana duba shi ta hasken rana. Rabin tsuntsayen sun toshe. Ta ajiye shi a hankali, ta ce in zai taimaka ya ɗauki bokiti ya tara mata ruwa, ita ba za ta sake shiga ɗakin nan yau ba. Ya ɗauka ya tafi.

Kada ka zauna kana auna laifin Auta, ya san nauyinsa fiye da kai. Akwai irin wannan cibiya a unguwarku, ta rini ko ta fenti ko ta sassaƙa, kuma akwai ƙaninka ko 'yar maƙwabcinka a ciki. Gobe ka je. Kada ka tsaya a ofishin mai wurin, kada ka karɓi takarda mai hatimi a matsayin amsa. Ka ce a nuna maka inda yaran suke yin aikin da ya fi wari, ka shiga, ka ja ƙofa, ka ƙirga ɗari.